Farin abin da muka binne a bayan gari

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Toranke nake rubuto maka, hankalina a tashe.

Wasu ƙulle-ƙulle masu tauri kamar tsakuwa ne suka fito wa 'yata Ummi a gwiwar hannu. Kakarta ta kira wanzami ya yi mata sakiya. Maimakon mugunya, sai wani farin abu kamar alli ya fito. Kaka ta ce jifa ne, ta ƙunshe shi a tsumma, muka binne a bayan gari.

Da wasu suka fito a yatsunta, muka je asibiti a Gaya. Likita ya ce, "Malam, ina abin da ya fita? Ai shi za a kai ɗakin gwaji." Yana zaton sinadarin da ke gina ƙashi ne yake taruwa a fatarta, kuma zai iya zama alamar wani ciwo a ciki. Yanzu sai an sake tsaga ta, yarinyar da ko aska ta gani sai ta gudu ta ɓuya.

Masu sauraro, duk wanda ya taɓa ganin haka ya ba ni shawara don Allah. Yau da safe na shafo sabon ƙulli a kafaɗarta, kuma har yanzu na kasa gaya wa uwarta.