Baitin da Malam Ba-zama Bai Bari a Titi Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, malam liman, shugabar ƙungiyar marubuta, malaman makarantar da marigayi ya koyar. Yaya, matar marigayi, wadda ta fi mu duka rashi. Babban ɗansa da ƙannensa, har zuwa kan Auta da ta baro aikinta na asibiti ta taho. Maƙwabta, da 'yan titinmu da na hango can baya kun ƙi kujerun gaba: ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni ne mai ɗab'in da ke ƙarshen titi, wanda ya buga duk littattafan waƙoƙin marigayi. An ce in tsaya a bayan wannan teburi in yi magana. Ku yi haƙuri in kun ga ina kai da komo. Tun ranar da muka rufe shi hankalina bai kwanta ba, kuma kafin in sauka za ku ji dalili.

Ya kasance mutumin da kujera ba ta san nauyinsa ba. Shi ya sa muka sa masa Malam Ba-zama, har ɗalibansa suka ɗauka sunan yanka ne. In ka ce masa ya zauna, sai ya ce, "Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi." A aji yana koyarwa yana zagaya tebura. A gidan rediyo sai da aka ƙara wa makirufo tsawon waya saboda shi. A shagona akwai wata kujerar roba da na saya musamman dominsa, tana nan har yau, takardu ne a kai.

Ya kasance mai koyar da yaranmu karatu a ranakun hutu ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Ya kasance in magudanar ruwa ta toshe, waƙa zai yi mana mai zafi, mu ji kunya mu fito da shebur. Da yawanmu a nan ba mu taɓa sayen littafi ba sai nasa. Wannan duk kun sani. Abin da baƙi ba su sani ba shi ne yadda yake yin waƙar.

Ya kasance ba ya tsara baiti da alƙalami. Da ƙafa yake tsarawa. Da safe zai fito, hannaye a baya, leɓe na motsi, ya bi titi. Zai tsaya a ƙofar mai aski, almakashi na aiki a kan mutum, ya ce, "Riƙe mini wannan." Ya rera masa baiti har ya zauna masa. Ya wuce wurin tela, ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, ya ba ta nata. Ya wuce wurin mai faci, hannunsa cikin bahon ruwa yana neman inda taya ke yoyo, shi ma ya karɓi nasa. Kashegari ya dawo ya ce, "Ina ajiyata?" In mai aski ya manta ɗango ɗaya, wato layi ɗaya na baitin, ba ya faɗa. Murna ma yake yi. Sai ya ce, "Abin da ka manta bai cancanci zama ba. Ka rage mini aiki." Ya jefar da shi, ya nemo wani.

Na taɓa ce masa, "Malam, ga waya a aljihunka, ka ɗauki muryarka mana, ka huta da wahalar da bayin Allah." Ya harare ni ya ce, "Waya tana yamutsa fuska in baiti bai yi daɗi ba? Tela tana yi." Tela, kina nan, ki ƙaryata ni in ƙarya na yi. Sau nawa kika ce masa, "Malam, wannan hannun riga ya fi wancan tsawo," ya koma ya rage?

Kuma don kada jeri ya rikice, yana ba kowa baitinsa ne haɗe da ɗangon farko na baitin da ke biye. Ƙugiya yake ce masa. Ƙugiyar mai aski tana kama baitin tela, ta tela tana kama na mai faci, a haka har a iso shagona. Ni ne na ƙarshe kullum. Nawa ba ya da ƙugiya. In ya ba ni baiti, to waƙa ta kammala, sai ya bi ya tattara, ya tsaya a kaina ina bugawa, yana leƙen kowane harafi, tawada na ɓata masa riga.

To, ga abin da ya hana ni barci. Waƙarsa ta ƙarshe bai tattara ta ba. Ciwo ya riga shi. Tana nan a warwatse cikin kawunanmu, kuma kan ɗan Adam ba akwati ba ne. Mai faci ya zo mini jiya idonsa ja, ya ce rabin ɗango ya kuɓuce masa. A da mantuwarmu gyara ce. Yanzu mai gyaran ya tafi, duk abin da ya kuɓuce mana ya tafi ke nan. Mun taru a shagona mun haɗa abin da za mu iya, ƙugiya ta kama ƙugiya, har aka zo kaina. Sai ga shi a wannan karon ni ma ya bar mini ƙugiya. Akwai baiti ɗaya a bayan nawa, shi ne na rufewa. Na bi titin nan ƙofa-ƙofa, na tambayi mai jarida, na tambayi mai gadin makaranta, babu wanda ya karɓa.

Yaya, da ke da yara, yanzu da ku nake. Mun san mun ci da haƙƙinku. Mu muka sha maganarsa, ku kuka sha shirunsa. Auta ta faɗa mini bayan jana'iza, kuma na nemi izininta kafin in maimaita. Ta ce, "Kawu, kowa a titin nan yana da rabo a wurin Baba, ban da mu. In ya shigo gida sai ya jingina da bango ya yi shiru, kamar an cire masa batir." Gaskiya ta faɗa. Gobe za ta koma bakin aiki da wannan maganar a zuciyarta, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Ban zo da hujja ba. Ƙugiya kawai gare ni. Zan faɗe ta a nan, inda duk wanda ya san shi ya hallara. In ba a samu mai kamawa ba, zan buga waƙar yadda take, in bar shafin ƙarshe fari. Ga ta:

"Ƙafa ta gaji, hanya ba ta gaji ba."

Na baya, kun ji? In ƙara? "Ƙafa ta gaji, hanya ba ta..."

Auta, lafiya? Me ya sa kika rufe baki? A'a, kada ki tashi, ni zan zo. Ku ba ni hanya.

Jama'a, ku saurara, zan faɗa muku abin da take cewa, muryarta ba za ta kai ba. Ta ce a asibiti ya ƙi kwanciya. Ta ce ita ke riƙe masa robar ƙarin ruwa, yana dafe da kafaɗarta, suna kai da komo a baranda, yana ta maimaita wasu kalmomi yana cewa, "Riƙe mini wannan." Ta ce ta ɗauka zafin zazzaɓi ne, hankalinta na kan allurar da ke hannunsa. Ta haddace, amma ba ta saurara ba.

Faɗi, 'yata. A hankali. Ina maimaitawa bayanki.

"Ƙafa ta gaji, hanya ba ta gaji ba,
Na raba wa titi, ban rage wa kaina ba,
Shirun da na kawo gida ba rowa ba ne,
Nan ne kaɗai ban sha wuyar neman magana ba."

Akwai ƙugiya a bayansa? Ta ce babu.

To, ya kammala. Yaya, kin ji. Ku bar Auta ta yi kukanta, kada kowa ya ba ta haƙuri tukuna.

Shugaban taro, na cinye lokacin da aka ba ni har na shiga na wani, a yafe mini. A madadin iyali da 'yan titinmu, muna godiya ga duk wanda ya taka ƙafa ya zo, da waɗanda suka ba mu wannan ɗaki, da waɗanda suka jera kujerun. Masu ajiya, ina jiran ku a shago da zarar an tashi, kada wanda ya biya ta gida.

Ya Allah, rai baƙon duniya ne, kuma baƙonka ya dawo gare ka a gajiye. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka karɓi abin da ya koyar da 'ya'yanmu a matsayin sadaka mai gudana. Ka sanyaya zuciyar matarsa da 'ya'yansa. Ka ba shi gidan da ya fi wanda ya bari, ka haɗa shi da su a cikinsa, su zauna tare ba tare da kowa yana bin kowa magana ba.

Amin. Wassalamu alaikum.