Tarin Motar Ɗansa

An ɗaure motar da bel huɗu a kan na'urar gwaji, tayoyinta na ta gudu amma ba ta zuwa ko'ina. A bencin jira na garejin, wani direban tasi ya matso kusa da wani dattijo.

"Baba, taka ce? Jikin tsohuwa, zuciyar saurayi!"

"Ta ɗana ce. Shi ya cire injinta ya sa mai turbo, mai ƙarin ƙarfi."

"Ji yadda take tari in an taka ta!"

"Tun da ya haɗa ta haka take. Daga kwanar layinmu nake jin tarin nan, sai in ce wa mahaifiyarsa, zuba abinci, ga shi nan."

"Aikin ɗan koyo ne, Baba. Mai da iska ne ba su daidaita ba. Yanzu makanike zai goge saitin ɗanka a kwamfuta, ya sa nasa, ta koma sumul."

"Gogewa zai yi?"

"Tas! Ka turo yaron ya ga yadda manya ke aiki."

"Bara ya rasu."

Direban ya sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙansa."

Tayoyin suka tsaya. Makaniken ya leƙo da wayar kwamfuta a hannu. "Baba, in fara?"

Dattijon ya tashi. Ya tsuguna, ya kwance bel ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ya ja motar. Can a kwanar titi aka ji ta yi tari.