Abokin Zaman Magani

A tashar Dutse, ana jiran motar Jahun ta cika, Iyatu ta kwance haɓar zaninta ta tarar ƙwayoyinta na hawan jini sun dagargaje. Wata budurwa da ke gefenta ta leƙo.

"Inna, danshin damina ne ya ci su, ki riƙa sa su a kwalba. Gyaran irin wannan nake karanta a jami'a."

"Gyaran me? Ku ƙara musu ɗaci?"

"A'a. Abokin zama muke nema wa maganin, wani sinadari marar cutarwa. Mu narkar da su tare, su daskare su zama ƙwaya ɗaya kamar ta sukari. Maganin yana nan yadda yake, amma ya daina shan danshi, a ciki kuma ya narke da wuri."

"Kowane aboki aka ba shi ya karɓa?"

"Ina fa. Na gwada goma sha bakwai, ɗaya ya zauna."

Iyatu ta yi murmushi tana ɗaure zaninta.

"Ai na san aikin nan, 'yar nan. Shekara arba'in ni ce mai ɗaci a gidanmu. Ba don Malam ba, babu mai iya haɗiye ni."