Daji da Ƙarfe

Salama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ni ce Rifkatu, matar Ɗanladi mai kamun kifi a tabkin Madarunfa.

Shekarar da na yaye ɗiyata ta uku na ji ƙullutu a nonona na hagu, kamar ƙwallon dabino. Kunya ta rufe mani baki. Wata biyar ina shafa man shanu a ɓoye, abin kuwa sai girma yake. Ashe ƙawata Hanne ta garin Gabi ma haka take fama. Tare muka je wurin wanzami, ya duba ya ce, "Wanga daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe. Ko allura ta taɓa shi, bazuwa zai yi."

Ko wuƙar yanka kuɓewa na ɗauka, sai in tuna maganarsa in ajiye ta.

Na je likita. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya ce, "Baiwar Allah, nan ƙwaya kawai gare mu, aiki sai Yamai. Matar wani ma'aikaci ma an ba ta takarda, motar gwamnati ta kai ta." Na ce, "Mu fa?" Ya sunkuyar da kai.

A gonar gero na durƙusa, rana tsaka. Na ce, "Ubangiji, ina tsoron daji, ina tsoron wuƙa, ina tsoron barin ɗiyana. Wanne zan gudu?" Ban ji murya ba, amma na tashi da sanin cewa ƙarfe ma a hannunsa yake.

Cikin satin ƙanen mijina, direban kamyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa, a Ɗan Issa, ya ce zai ƙetara da ni asibitin mishan. Na ruga Gabi na ce, "Hanne, taho, akwai wurin mutum biyu." Ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Rifkatu, uwar mijina ta rantse ƙarfe ba zai taɓa ni ba. Ni ma tsoro nike ji."

An cire mani nonon. Yau shekara shida ke nan, ga ni tsaye. Na gode wa Yesu! Hanne kuwa ba ta ga girbin waccan shekarar ba.

Ban fi ta wurin Allah ba, 'yan'uwa, mota na samu. Ku dogara gare shi, kada ku ɓoye ciwo. Ni kuma duk wadda ke tsoron wuƙa ta zo ɗakina, in buɗe zane in nuna mata tabon.