Tawadar Allah Tana Hagu

A Paris, shekara uku da juyin juya hali, wata mai wankau ta tsaya a rumfar mai buga hotunan shaƙiyanci.

"Ɗan ƙasa, wane ne wannan da aka tuɓe wa wando, matan kasuwa na tsula masa bulala?"

"Basarake Vaudrin, wanda ya tsere Ingila."

"Kan dai nasa ne. Ɗuwawun kuwa na wani bishop ne, babban limamin coci, na gan su nan watan jiya."

"Farantin tagullar da muke bugawa da shi tsada gare shi, 'yar ƙasa. Kan mutumin kawai muke kankarewa mu sassaƙa sabo. Ɗuwawun manya ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Na Vaudrin shafaffu ne, da tawadar Allah a hagu."

"Ke a ina kika gani?"

"Shekara shida na yi ina wanki a gidansa, ɗakin wankin ba sakata. Da cikin da ya yi mini ya fito, ya rantse gaban alƙali bai taɓa ganina ba."

Mai rumfar ya sake duban hoton, ita kuwa ta ci gaba.

"Ɗauko farantin. Ba inda za ni sai ka gyara. Mu mata tara ya yi wa haka, duk za mu gane shi."