Wandon Da Ya Hana Bala Shiga Jami'a

Mai gabatarwa, barka da yamma, kai da duk masu saurare. Ni ne Isiyaku akawu, daga Badarawa.

Ɗana Bala a nan Kaduna aka haife shi, nan ya yi karatunsa kaf. Da ya nemi jami'a, sai aka ce gurbin na 'yan jiha ne, shi kuwa ɗan Sakkwato ne, tunda can aka haife ni. Na kwashe shi sai ƙauyenmu, don dagaci ya shaida namu ne. Na ce ya sa riga da hula, ya ƙi. Ya zuba matsattsen wandon nan mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, ga suma tuli guda.

Muna isa na ce, "Durƙusa ka kwashi gaisuwa." Yana durƙusawa sai muka ji kyaaat, wando ya kece! Dagaci ya ƙare masa kallo ya ce, "Isiyaku, wanga ba namu na ba. Mai da masu abinsu Kaduna."

Kaduna ta ce Sakkwato, Sakkwato ta ce Kaduna. Jama'a, ku ba ni shawara: akwai jami'ar da ke ɗaukar ɗan tsakiyar hanya? Ƙaton yana gida yana cinye mini tuwo.