Kuregen Hindawiyya

A rumfar mai katako a unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda, tsoho Na'ibi yana jujjuya wani guntun falanki, sai wani Bahaushen Sudan da ya zo sayen ƙusa ya tanka masa.

"Baba, wannan guntun me zai yi maka?"

"Dandamalin katako na yi wa mai ɗakina a bayan gida, inda take shan iska. Kurege ke gaigaye shi, duk wata sai na sake falanki."

Mutumin ya yi dariya. "Kurege a Jidda? Ɓerayen jirgin ruwa ne, Baba. Ka sa musu guba a burodi, halas, an gama."

"Ban ce su mutu ba. Itacen nake so su raga wa."

"To shafa kwalta, warin kaɗai zai kore su."

"Ban ce su tafi ba."

"To me kake so, Baba?"

Na'ibi ya shafa falankin.

"Shekara talatin ke nan da muka taso daga Gumel a ƙafa. Na yi mata alkawari da mun sauke farali za mu koma. Bara idonta ya rufe, hankalin ma ya soma tafiya. Ran da ta fara jin gaigayar nan a ƙarƙashinta, ta kama hannuna ta ce, 'Malam, kuregen gonar gyaɗarmu ne. Ashe mun iso gida?'"

"Ka ce mata me?"

"Na ce mun iso."

Mutumin ya sunkuya, ya zaro wani falanki daga ƙasan tarin.

"Ɗauki wannan mai kaurin, Baba. Zai fi daɗewa a bakinsu."